Yadda Ɗan Jimma Ya Shiga Darasin Tarihi

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar nan ba, ranar da na tsaya gaban ɗalibaina da mai gari da babban baƙo daga Maradi, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

Shekarar babban farin nan ce ta tamanin da huɗu. Ina saurayi, ɗan Tibiri, sabon fitowa daga horon malanta, aka tura ni wani ƙauye a arewacin Gazawa. Lakol ɗin, wato makarantar, aji ɗaya ce tal. Ni ne malami, ni ne darakta, ni ne mai buga ƙararrawa (wani tsohon ƙarfen taya ne da aka rataye a bishiyar bedi). Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai kai gwiwa ba. Mutane suka shiga tashi, wasu Najeriya, wasu Maradi, kowane mako sai in tarar da wani benci babu kowa a kai. Waɗanda suka rage kuma iyayensu sun fi son su tafi daji neman anza da ganyen jiga da su zo su zauna suna maimaita Faransanci da yunwa a ciki. Ban ga laifinsu ba.

Ana cikin haka takarda ta zo: mai duba makarantu zai zagayo. Lakol ɗin da ya tarar da yara kaɗan za a rufe ta, wadda ya tarar da yara kuwa za a sa ta cikin masu samun kunun agaji da rana. Ga wasu yaran, kunun nan shi ne zai zama abincinsu na yini. A lokacin yara goma sha ɗaya suka rage mini, kuma da goma sha ɗaya ba a ba ka kunu, kwaɗo ake sa wa ƙofa.

Wata rana ina kwance kwalin alli, sai na ga a jikin tsohuwar jaridar da aka naɗe shi da ita hoton wata mota. Ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare, tayoyi huɗu a waje, mutum ɗaya a tsakiya da hular kwano. Na ɗaga wa yara don su ɗan farka. Ai kuwa suka farka. A garin da mota ɗaya ke ɗaukar mutum ashirin da awaki da buhuna, ga mota mai kujera ɗaya!

"Mushe, ina ake aza kaya?" in ji wata yarinya mai suna Barira, ƴar shekara goma, wadda ba a kayar da ita a gardama. "Kuma shi kaɗai, ina za shi da sauri haka?"

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma ni Mushe ne, kamar yadda ake kiran malamin lakol, kuma a lokacin ina ganin Mushe ba ya cewa bai sani ba. Na gyara murya na ce ai tsere suke yi, kuma a nan ƙasarmu ma an taɓa yi, sunansa Gasar Kujera Ɗaya. Bakina ne ya faɗa, ni kaina sai da na ji mamaki.

Daga nan fa abu ya kankama. Kullum kafin a tashi daga aji da rana sai in ba su shekara ɗaya ta tarihin gasar. A shekarar farko motoci uku ne kawai suka tashi daga Gazawa zuwa Cadakori, wanda ya ci kambu kuwa wani Ɗan Jimma ne, da motarsa mai suna Guguwa. A ta biyu aka kafa dokar cewa ba a tsayawa shan fura a Agiye, saboda wani direba ya tsaya ya sha har barci ya kwashe shi. A ta uku na shigo da Bello, Bafillacen da shanunsa suka ƙare ya koma tuƙi, yana yi wa motarsa kirari kamar saniya. Washegarin ranar, yara huɗu daga rugar da ke bayan gari suka dawo aji. A ta huɗu aka hana Ɗan Jimma shiga don an kama shi ya ɗauki wata tsohuwa a hanya ya ɗora ta a cinya, alhali doka ta ce mutum ɗaya. Yara suka yi kwana biyu suna jin haushin alƙalan gasa.

Dabarata ita ce ba na ƙarasa labari. Daidai inda taya ta fashe, ko Bello ya kusa cin ma Ɗan Jimma, sai in kakkaɓe alli in ce sai gobe. Kuma ba a jin ci gaba sai an yi mini lissafin man da Guguwa za ta sha, an kuma rubuta sunayen garuruwan da ta ratsa ba kuskure. Ba yabon kai ba, cikin wata biyu aji ya koma talatin da bakwai. Wasu sukan je neman anza da asuba, su zo da ƙwaryarsu su ajiye a bakin ƙofa. Har mai gari, tsoho mai ran ƙarfe, ya mayar da gindin tagar ajin wurin hutawarsa.

Inda na yi wauta (kuma wauta ce mai lasisi) shi ne lokacin darasin tarihi na zaɓa. Na rubuta a allo, suka kwafe a kaye, wato littafin rubutunsu, da shekaru da sunayen zakaru, har da jan layi a ƙarƙashi. Ban taɓa ce musu gaskiya ne ba. Amma ban taɓa cewa ƙirƙira ce ba, kullum ina ce wa kaina sai an gama in faɗa musu.

Ranar Talata muna tsakiyar lissafi muka ji ƙugin mota. Mai duba makarantu ne, dogon mutum mai tabarau, irin waɗanda ba ka iya gane ko murmushi suke ko ciwon haƙori. Mai gari ya rako shi har cikin aji. Ya dubi bencina a cike, ya ɗaga gira. Ni kuwa har na fara hura hanci.

Ya yi tambayoyi biyu da Faransanci, aka amsa ba laifi. Sai ya juya da Hausa ya ce, "To ƴan makaranta, wa zai gaya mini sunan wani babban mutum a tarihin ƙasarmu?"

Hannu talatin da bakwai suka tashi a tare. Ina ta ƙifta wa Barira ido, ita kuwa ta ɗauka cewa nake ta miƙe.

"Ɗan Jimma mai Guguwa!" ta faɗa da ƙarfi, hannu a ƙirji. "Shi ne ya ci kambun Gasar Kujera Ɗaya sau ukku. Ya taso daga Gazawa ya tahi Cadakori bai sha ruwa ba."

Baƙo ya gyara tabarau. Na ga yana lalube a kansa, yana tsoron kada a ce akwai wani gwarzo da shi bai karanta ba. Har ya ɗan gyaɗa kai. Sai mai gari ya ƙara wa wutar itace.

"Ranka shi daɗe, ai Ɗan Jimma ba ɓoyayye ba ne. Ni nan na san uban shi, kanwa yake saidawa a kasuwar Cadakori."

(Har ya rasu ban san ko rufa mini asiri yake yi ba, ko kuwa zaman gindin taga ne ya yi masa yawa.)

Baƙo ya ɗauki kayen wani yaro ya buɗe. Shafi bayan shafi, ga dokar fura, ga tsohuwa a cinya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube ni.

"Mushe, a wane littafi ka samo wannan?"

Zufa ta jiƙa mini riga har ƙugu. Da zan iya cewa littafin yana Tibiri. Amma idan ya gano daga baya, lakol ta tafi. In kuma na faɗi gaskiya a gaban yara, ina ganin gobe ba mai dawowa, lakol ɗin dai ta tafi. Na sunkuyar da kai na ce, da muryar da ni kaina da kyar na ji ta, "Ranka ya daɗe, babu littafi. Babu gasa, babu Ɗan Jimma. Ni na ƙaga shi."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Na sake faɗa da ƙarfi. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na kasa kallon kowa.

Barira ba ta zauna ba. Ta ce, "Mushe, in kai ka yi shi, ke nan kai ka da iko da shi?"

Na ce eh.

"To don Allah kak ka bar shi cikin rairan nan. Tun jiya yana ciki, ga rana, kuma bai da ruwa."

Jiya a nan na tsayar da labarin: Guguwa ta kafe a yashin gulbi, Bello na tafe a baya. Aji duka ya ɗauka, "Don Allah Mushe!" Wani yaro daga ruga ya ce shi ya san Bello ba zai wuce ya bar mutum a daji ba.

Baƙo ya buga tebur aka yi shiru. Ya ɗauki alli ya rubuta: mota tana shan lita biyu a kilomita goma, nawa za ta sha a tamanin? Kafin ya juyo an amsa masa sha shida daga kusurwa uku. Ya ƙara mai wuya, aka amsa. Sannan ya bi benci-benci yana ƙirga kawuna da yatsa, ya sake ƙirgawa, ya rubuta a takardarsa.

Ya ja ni waje ya wanke ni tas, ba sabulu. Ya ce lokacin tarihi na tarihi ne, yaran nan suna da kakanni na gaske da ya kamata su sani, kuma takardar gargaɗi za ta biyo ni. Na ce na karɓi laifina. Sai ya dubi agogo ya ce direbansa bai gama zuba wa mota ruwa ba, ya koma cikin aji ya matse a bencin baya kusa da mai gari, gwiwoyinsa har haɓa.

"Mi kake jira?" ya ce. "Hidda mutumin nan daga raira mu gani."

Haka na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga na sa Bello ya tsaya ya ɗaura igiya ya jawo Guguwa, ya rasa kambun shekarar saboda haka. Yara suka yi ta tafi.

Takardar gargaɗi ta zo bayan mako uku. A kamyon, babbar motar kaya, da ya kawo ta aka sauke buhunan garin kunu da babbar tukunya. Ba a rufe lakol ba. Shekarar an yi jana'izar yara da yawa a yankin, abin da ba na son tunawa, amma daga cikin talatin da bakwai ɗin nan ba mu binne ko ɗaya ba. Na yi shekara talatin ina koyarwa bayan haka, ban yi wani abin da nake alfahari da shi kamar wannan ba.

Na dai koyi darasi: in za ka shirya wa yara labari, gaya musu labari ne tun farko, kuma ko da wasa kada ka ce su kwafe a kaye. Amma in aka sake ce mini zaɓi tsakanin mutuncin Mushe da tukunyar kunu, sai in miƙe in sake jin kunyar nan, da ƙarfi yadda na baya za su ji.