Gilashin Ƙashi da Tokar Inna

Shekarar da nake digiri na biyu, babu wanda ya kai ni baki a ƙauyenmu na gefen Gezawa. Bincikena a kan wani gilashi ne da ake cike raunin ƙashi da shi, ya narke a hankali, sabon ƙashi ya maye gurbinsa. Har Baba Sale mai ɗori na tsare a ƙofar masallaci, na ce masa sirrin duk a ma'auni yake: tokar ɓuntun shinkafa kaza, ɓawon ƙwai kaza, in aka kuskure ko kaɗan ƙashi ba zai kama shi ba.

Ya ce, "To, Allah ya taimaka, Likita."

Daga gonakin shinkafar Watari na samo ɓuntu, na ƙona shi da kaina, na zuba tokar a gwangwanin madara, na ajiye a madafar Inna. Ranar komawa Kano na sunkuci gwangwani ban ko buɗe ba. Da na ga tokar ta yi duhu a ɗakin gwaji, na ce ingancinta ne.

Gilashin da na haɗa da ita, wanda ya kamata ya yi makonni a ruwan gwaji, kafin la'asar ya narke tas. Malamina ya murza ragowar tokar a yatsa, ya dube ni, ya ce, "Wannan ta miya ce."

Ashe gwangwanin tokar miyar Inna na ɗauko. A gida kuwa tawa tokar Inna ta tace ta zuba a miya, kuɓewa ta ƙi yauƙi.

Har yau in Baba Sale ya hango ni sai ya ce, "Likita, an samu karaya. Ƙafar za a kawo maka ko tukunyar?"