Ranar Da Aka Cike Ramukan Wata

Jama'a, yau da wuya a sanƙare nake muku rubutu. Jiya tun faɗuwar rana nake kan rufin ma'aikatar da ƙanena ke aiki, rungume da ƙafar na'urar hangen nesa, don wai ƙusar da za ta riƙe ta ba ta cikin kwangila. Shi ne mai ɗaukar hotonsu, aikin wucin gadi, ga matarsa haihuwa yau ko gobe. An ce masa ko ya kawo hoton farin wata da za a rataya a ofishin Mai Girma Uban Ayyuka, ko ya nemi wani wurin.

Ya jona kyamara, ya leƙa, duhu ƙirin. Muka zagaya ta gaba. Ashe tun ranar ƙaddamarwa aka manna hoton Mai Girma a kan gilashin na'urar, don a tsarinsu duk abin da aka saya sai ya ɗauki fuskarsa, kuma nan ne kawai wuri mai santsi. Maigadi ya ce haka manyan baƙi suka yi layi suna leƙawa, kowa na gyaɗa kai yana yabon kimiyya. Da rana tsaka, fa.

Ƙanena ya ɓare fuskar nan da farce, ya lallaɓa ta cikin aljihu. Sai ga wata ya cika gilashin tam. Duwatsu, inuwa, ramuka manya da ƙanana, kamar ka miƙa hannu ka shafa. Tun yana yaro yake burin hoton nan, na ga yana goge ido da hannun riga.

Da safe na raka shi wurin Darakta. Ranka-ya-daɗe ya ɗora tabarau, ya daɗe yana kallo, ya tambaye mu wa ya turo mu. Wai duk wanda ya ga ramukan nan titin gaban ma'aikata zai tuna, kuma wannan aikin 'yan adawa ne.

"Ranka ya daɗe, haka Allah ya yi shi," in ji ƙanena.

"A mulkin baya ke nan. Je ka gyara."

Ƙanena ya zauna gaban kwamfuta yana share ramukan ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye raina na tafasa. Kafin azahar wata ya koma sumul kamar farantin tangaran. Aka sa shi a firam, aka tafa, aka ce aikinsa na nan daram, har an fara rubuta jawabin nasara.

Muka kama hanyar gida har muka zo rabuwa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, in an tambaye ka, kada ka ce ni na ɗauka."

To, ban ce ba. Ku ma in kun ɗaga kai kun ga ramuka, ku yi shiru, an riga an gyara.