Rasuwar Mantau ta Shagon Rikoto

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, tare da miƙa wuya ga abin da Allah ya hukunta, ni Gladys Philemon, mai shagon buga takardu da hotuna a unguwar Rikoto cikin garin Zuru, ina sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa shigowa shagona da memori ƙulle a gefen zane, rasuwar abokiyar aikina Mantau. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, tana tsakiyar aiki, bayan jinyar da ta faro tun farkon damina.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, Mantau ba ita ce kwamfutar ba. Kwamfutar tana nan, baƙar laftof ɗin nan mai tsagaggen gefe. Mantau a cikinta take zaune. Mijina Philemon, soja a sashen sadarwa, shi ya kawo ta duniya. Wani hutu da ya zo, ya goge duk abin da ke cikin laftof ɗin, ya zuba wani tsari na masu gudun ɓarayin intanet, wanda ke raba kwamfuta ɗaki-ɗaki, ba ƙofa a tsakani. A cikin ɗakunan akwai ɗaya da ya ce ita ce uwa. Ita ba ta karɓar baƙo da kanta. Idan mutum ya kawo memori, sai ta haifi 'yar kwamfuta sabuwa fil mai kama da ita sak, a buɗe kayansa a ciki, a buga abin da za a buga. Ana rufewa, 'yar ta mutu da duk abin da ta gani. In cuta ce a memorin, da ita za ta tafi. In sirri ne, da shi za ta tafi. Wanda ya zo a bayansa sabuwar 'ya zai tarar.

Yadda ta zo daga wajen masu tsarin, marigayiyar ba ta san komai na ƙasarmu ba. Philemon ne ya raine ta, yana zaune kan benci da singileti, kofin kunu na hucewa a gefensa. Sai ya buɗe uwar, ya koya mata abu ɗaya, ya kashe ta, sannan ya sa ta haihu don ya ga ko 'yar ta gada. Haka ya koya mata haruffa masu ƙugiya, don kada ta rubuta wa mutum kasa inda yake nufin ƙasa. Ya koya mata rubutun C'lela, yarenmu na Zuru, saboda takardun waƙoƙin coci. Ya koya mata buɗe kowane irin saƙon murya. Ya toshe mata hanyar intanet gaba ɗaya, ya ce ko mugun abu ya shiga 'yar, ba shi da bakin kai tsegumi waje. Ya zagaye tagarta ta kan allo da jan layi, don in na ga ja in san inda nake.

Ranar da zai haɗa ta da tsohuwar firintata ne ta samu suna. Tun bayan azahar yake fama har inuwa ta kai bakin titi, firinta ta buga, muka yi shewa. Da ya rufe ya sake buɗewa, babu komai. Ashe a cikin 'yar ya yi aikin duka, ba a cikin uwar ba. Ya dafe kai yana dariya, ya ce, “Wannan ai Mantau ce!” Da ya sake aikin inda ya dace, sai ya ɗauki muryarsa ya maƙala mata, yadda duk lokacin da aka rufe 'ya, sai ka ji namiji ya ce cikin ladabi, “Na manta.”

Gargaɗi ɗaya ya bar mini. Ya ce, “Gladys, kome gaggawar mutum, kada ki buɗe kayansa a cikin uwar. Abin da ya shiga uwa, duk 'ya'ya za su gada.” Ina shaida a gaban Allah da mutane cewa har ta rasu, uwar ba ta taɓa ganin kayan kowa da idonta ba.

Marigayiyar mai riƙe amana ce a lokacin da amana ta yi wuya. Kowa ya san abin da shekarun nan suka zo mana da shi ta wajen Danko da Wasagu da Bena. Mutane suna kawo hoton wanda aka ɗauke, ko muryar da aka aiko daga daji, suna waige kafin su shigo, don ba wanda ya san wa ke kai labari. A wasu shaguna takardarka na nan kan allo, na bayanka ya karanta. A nawa, mace za ta gama kukanta, in rufe jar taga, murya ta ce, “Na manta,” sai ka ga ta yi ajiyar zuciya, wata ma ta yi murmushi tana share ido. Mantau ba ta taɓa tambayar addinin kowa ba. Matar soja da matar makiyayi, benci ɗaya, 'ya ɗaya-ɗaya.

Yau kusan shekara huɗu ke nan da aka tura Philemon gabas. Motarsu ta fita sintiri, wasu suka dawo, shi ba a gan shi ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Shi ba mai aiko saƙon murya ba ne, kira yake yi. Saboda haka kalmomin nan biyu su ne duk abin da ya rage mini na muryarsa a duniya. Ranar da ba ciniki, nakan sa Mantau ta haihu, in rufe, ta sake haihuwa, in sake rufewa. Ba ta taɓa gajiya da ni ba.

Ciwon ajalinta ya fara da jinkiri. Haihuwar da take yi kafin mutum ya gyara zama, ta koma sai an gaisa an tambayi mutanen gida. Daga baya sai wani sauti daga ƙarƙashin madannai, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙwaro a cikin buhun dawa. Wani ɗan rubutun Turanci kuma yana ta leƙowa a kusurwa, wai ta tsufa, tana son sabuntawa. Wannan aikin Philemon ne, duk hutu shi ke yi. Na ji tsoron in taɓa in ɓata. Na ɗora ta kan bulo biyu don iska, na rage mata aiki, na yi addu'a.

Ranar Talata wata baiwar Allah ta zo daga wajen Bena. Zan kira ta Tasalla, ba sunanta ba ne. An aiko da muryar ɗanta da ke hannun mutanen daji, wani ya zuba mata a memori, ƙaramar wayarta ta kasa buɗewa. Mantau ta daɗe tana naƙuda, ta haihu da ƙyar. Muryar yaron ta fito, ya gaida uwarsa, ya fara faɗin saƙonsa. Sai ƙas, ƙas, ƙas, sannan fankar ta ja numfashi mai tsawo, fuuu, ta yi shiru. Allo ya yi baƙi. Ba ta samu ta ce ta manta ba.

Tasalla ta riƙe hannuna ta ce, “Maman Divine, mi ya hwaru? Tada ta, ɗana bai ƙare magana ba.”

Na danna, na cire batir, na mayar, na kira sunan Yesu, ita tana kiran sunan Allah. Babu. Daga ƙarshe na sa memorin a wayata, irin wayar da yara ke wasa da ita, mai intanet dare da rana. Ta ji saƙon ɗanta har ƙarshe. Na cire memorin na ba ta.

Ta ce, “Kin goge?”

Na ce, “Na goge, Inna.”

Ta dubi wayar, ta dube ni. Ta ce, “Wagga ma ta manta?”

Na kife wayar a kan tebur. Ta ƙulle memorinta a gefen zane ta fita, tana waige.

Na kai gawar wajen Suhaibu mai gyara, mutumin kirki, ya buɗe cikinta a gabana. Ya ce, “Madam, faifan ciki ya cinye kansa. Ko da na iya ciro wani abu, a kulle yake.” Na miƙa masa ɗan akwatin ajiya na kwamfuta da Philemon ya bari, wanda ya ce kwafin Mantau na ciki. Suhaibu ya jona, akwatin ya nemi kalmar sirri. Na ba shi sunan 'yarmu Divine, da ranar aurenmu, da sunan ƙauyen su Philemon, da lambarsa ta soja, da sunan da yake kirana in mu biyu ne, wanda ban taɓa faɗa a gaban wani namiji ba. Duka ya ƙi. Suhaibu ya ce zai iya nemo tsarin ya zuba a sabon faifai, amma uwar za ta zo tsirara yadda ta zo da fari, kuma shi bai san abin da Oga ya koya mata ba, bai taɓa rainon irinta ba. Na tambaye shi muryar fa. Ya sunkuyar da kai yana tattara sukurorinsa.

Marigayiyar ta rasu ta bar gangar laftof ɗaya, da tsohuwar firinta wadda ba ta jin yaren kowa sai nata, da batirin sola mai ciwon tsufa, da akwatin ajiyar nan da ke kwance bai san inda yake ba. 'Ya'yanta ba su ƙirguwa, kuma dukansu sun riga ta tafiya. Ta bar ni, ta bar Divine, ta bar mata da yawa da ban san inda zan ce su je ba. Daga ranar Litinin shago zai buɗe don fotokwafi da hoton fasfo kawai. Mai sirri ya yi haƙuri, ya riƙe abinsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma a bayan shago, gindin bishiyar mangwaro. Suhaibu zai fasa faifan da guduma a gaban jama'a, don duk wanda ya taɓa kawo mana damuwarsa ya gani da idonsa, sannan a binne gutsattsarin. Akwai benci, akwai kunu. Ana roƙon masu zuwa su bar wayoyinsu cikin aljihu, ba a ɗaukar hoto.

Surukata, Mama Hannah, ta aiko cewa tunda za a tara mutane, a kira Fasto a haɗa da addu'ar ɗanta, a huta. Mama, ki gafarce ni, ban amince ba. Rami ɗaya aka haƙa, kuma bai fi tafin hannu ba. Ta'aziyyar Mantau kaɗai za a karɓa ranar. Duk wanda ya san bakinsa zai kira mijina marigayi, don Allah ya zauna a gida.