Karatun Hutu: Wa Ya Cinye Babi na Bakwai?

Jama'a, yau ilimi ya faɗo mini a kan ƙafa, kuma ba karin magana nake yi ba. Ina wannan rubutu ne ƙafata ta hagu na cikin baho, babban yatsa ya kumbura ya yi kamar ƙwan agwagwa, maman yara na tsaye a kaina tana wata dariya da ta rantse wai tausayi ne. A sabon ɗakin karatun unguwarmu abin ya faru. Na miƙa hannu in zaro littafi ɗaya daga kan kanta, sai duk layin ya biyo ni, tun daga wannan bango har wancan. Ashe katako ne guda aka shafa wa fenti, aka zana masa bayan littattafai, har da sunaye da ruwan zinare. Amma bari in koma da ku farko, don ku san abin da ya kai mai gyaran fanka da dutsen guga cikin laburare da rana tsaka.

'Yata ta biyu, wadda muke kira Lauya saboda ko gishiri ka ce ta miƙo sai ta nemi hujja, tana aji biyar na sakandare. Ranar da aka ba su dogon hutu ta dawo da sanarwa. Wai Kwamitin Cusa Son Karatu a Zukatan Matasa ya wajabta wa kowane ɗalibi karanta littafi guda kafin a koma, ranar komawa a yi jarrabawa a kansa, wanda ya faɗi kuma ba zai leƙa ajin ƙarshe ba. Na ce madalla, gara littafi da wannan waya da ta lanƙwasa wa yaran zamani wuya. Da na tambayi sunan littafin ta ce Gumin Goshina. Da na tambayi marubuci ta ce Maigirma Shugaban Kwamitin ne da kansa, tarihin rayuwarsa ne.

Kada wani ya yi mugun zato. Na samu labari cewa kwamitin ya tare a wani babban otal mai sanyi, ya tace littattafan duniya kaf, na da da na yanzu, cikin tsoron Allah, sai aka ga babu wanda ya kama ƙafar na shugaba. Shi kuwa bawan Allah, saboda tsabar kunya, fita ya yi lokacin da za a kaɗa ƙuri'a. A bakin ƙofa ya tsaya yana leƙowa, riƙe da takardar alawus ɗin mambobi.

Washegari na rufe shago na shiga gari. Mai kantin littattafai na farko ya ce shi ma yana jin labarin littafin kamar yadda ake jin labarin aljani, kowa na faɗi, ba wanda ya gani. Na biyu ya ce in na samu in taimaka in kawo masa ya taɓa. A ofishin kwamitin aka ce sakatare ya tafi taro, mataimakinsa ya tafi ɗauko shi, wanda ke riƙe da makullin sito kuma ya tafi gaishe su. Masinja ne kaɗai ya tausaya mini. Ya ce ranar ƙaddamarwa manyan mutane suka saye littafin kwali-kwali, kowa na kiran adadi ana tafi, ko kwafi ɗaya bai kwana ba. Inda kwalayen suka nufa bayan an kashe kyamara, wannan sai Allah.

Mako ya zagayo ba littafi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Lauya ta daina musu. Ka ce ta share tsakar gida, sai ta ɗauki tsintsiya ba ko ƙorafi. Wata safiya na iske ta a bayan duron ruwa tana share hawaye da gefen hijabi. Yarinyar nan tun tana ƙarama take cewa lauya za ta zama ta gaske, ba ta tsakar gida ba, kuma ba ta taɓa maimaita aji ba. Ta ce mini, "Baba, da ban yi karatu ba na faɗi, ai da sauƙi. Amma a ce na faɗi a kan abin da ban taɓa gani ba?" Na koma shago na kwance fankar wani na ɗaure ta a juye.

To, mai nema yana tare da samu. Ran nan da yamma maman yara ta sayo soyayyen kifi a bakin titi. Mun ci mun siɗe, na jawo takardar da aka ƙunso shi zan goge hannu, sai Lauya ta riƙe mini wuyan hannu. A hankali ta ce, "Baba, kada ka motsa." Ta zare takardar ta ɗaga ta wajen haske, mai ya ratsa ta har ana hango bango, ta karanta: "Tun ina ɗan shekara huɗu dattawan garinmu suke zuwa neman shawarata." A saman shafin, ƙanana-ƙanana, an rubuta Gumin Goshina. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ko takalmi ban tsaya nema ba muka nufi wajen mai kifi. Ta ce ita a wajen wani mai baro take sayen takarda a kan sikeli, shi kuma direbobin manyan mutane ke kiransa ya kwashe musu tarkacen gareji. Ta ce takardar na da kyau, tana shan mai ba ta yagewa, Allah ya saka wa wanda ya rubuta. Ba ita kaɗai ba kuma, mai ƙusa na ƙunshi da ita, mai sabulun yanka ma haka, har da mai gyaɗa da ke zama a ƙofar asibiti. Kun ga ashe littafin ya shiga kowane gida kamar yadda aka yi alkawari, mu ne ba mu lura ba.

Kafin gari ya waye labari ya bazu cikin 'yan ajinsu Lauya. Yara suka watsu a kasuwa kamar fari. Layinmu ya ci kifin da bai taɓa ci ba, har mai kifi ta ƙara kasko. Ni kaina na sayi ƙusoshin da ko rufin masallaci zan yi ba za su ƙare ba. Shagona ya koma asibitin takarda: a shanya shafi a gaban fankar da aka kawo gyara, in ya sha iska a bi shi da dutsen gugar mutane. In mai kaya ya zo karɓa, in ce ana gwaji ne. Maƙwabcina tela, wanda duk unguwa ke kira Gobe saboda ba ka taɓa zuwa karɓar ɗinki ya ce maka yau, shi ya ɗinke shafukan a kan keke, ya yi musu bango da ragowar yadin labulen wata amarya. A tarihin layinmu wannan ne aiki na farko da Gobe ya gama a ranar da aka ba shi.

Daga nan kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana, Lauya ta hau benci ta karanta da ƙarfi, yara da manya a kewaye, kyanwar maƙwabta na gefe tana bin littafin da ido saboda ƙamshi. Jama'a, littafi ne. A babi na biyu Maigirma yana tafiya makaranta ba takalmi, tafiyar safiya guda. A babi na uku tafiyar ta zama ta yini. A na huɗu wani kogi ya ɓullo a hanyar, da kada a ciki, kadan kuma har ya saba da shi yana matsa masa ya wuce. A wata shekara shi ya zo na ɗaya a aji, shi ya zo na biyu, malamai suka bar na uku ba kowa don girmamawa. Gobe ya yi dariya har ya faɗo daga kan kujera, ya tashi ya ce a maimaita masa wajen kadan.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da za ta yi wa kwamiti daɗi. Yaran da ko allon talla ba sa karantawa, na gan su suna layin aron littafin nan, suna gardama a kan shafi, suna kama Maigirma da hannu dumu-dumu in abin da ya faɗa a gaba ya saɓa da na baya. Lauya ta dawo da musunta har da riba. Kwamiti ya harbi iska ya samu tsuntsu.

Matsala ɗaya ta rage. Babi na shida ya ƙare Maigirma yana ƙaramin akawu, wandonsa ɗaya, in ya wanke sai ya zauna a ɗaki ya bushe. Babi na takwas ya buɗe yana tsaye a saman benen gidansa na uku yana kallon motocinsa yana tunanin talakawa. Babi na bakwai, inda aka yi wannan tsalle, babu shi. Mun zazzage kasuwa. Mun tsare mai kifi da tambaya har ta yi fushi ta ce ita ba ta cin takarda. Mai ƙusa ya ce wataƙila gado ne, maman yara ta ce wataƙila kadan nan ne ya yi masa aman zinare. Gobe ya ce shi duk littafin wannan babi kaɗai yake buƙata, don shi ma wandonsa ɗaya ne. Lauya kuwa tsoronta kada tambayoyin jarrabawa su fito daga nan, ga hutu ya zo gangara.

Shi ne yau na ce bari in gwada sabon ɗakin karatu, wanda aka buɗe da jawabai da yankan ƙyalle. Na tarar da ma'aikacin wurin yana gyangyaɗi a gaban fankar da ba ta juyawa. Ya buɗe ido ɗaya ya ce kallo kawai ake yi, ban da taɓawa. Na ɗauka raha ce. Can sama na hango Gumin Goshina da ruwan zinare yana ƙyalli, na yi ɗage na jawo. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ma'aikacin ya taso da gudu, ya duba katakon ciki da waje, ya gode wa Allah fenti bai kankaru ba, sannan ya tambaye ni ko na ji ciwo. Ya roƙe ni in kama masa gefe ɗaya mu mayar kafin masu duba aiki su zo. Haka na tallafi ilimi da kafaɗa ina tsalle da ƙafa ɗaya. Da na tambayi inda littattafan gaske suke, ya ce kashin farko na kwangilar shi ne kantoci da ɗaukar hoto, littattafai suna kashi na biyu, kashi na biyu kuma yana jiran a kafa kwamiti.

Na dawo gida ina ɗingishi, sai na tarar da baƙo a kan bencina, ya ɗora hula a gwiwa. Malamin da ke koya wa su Lauya adabi ne. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi aiki, ya tambayi ƙafa, daga ƙarshe ya sauke murya ya ce an umarce shi ya fitar da tambayoyi daga littafin da bai taɓa sa wa ido ba, kuma ya ji an ce muna da kwafi. Tausayinsa ya kama ni. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Lauya ta fito da littafin a rungume, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Malam, za mu ba ka aro, amma akwai yara a layi, sai ka dawo da shi jibi. Kuma don Allah kada tambaya ta fito daga babi na bakwai, an cinye mana shi."

Malam ya yi murmushi ya ce ta kwantar da hankalinta. Yana da aboki a maɗaba'ar da ta buga littafin, shi ya gaya masa babi na bakwai bai taɓa hawa inji ba. Ana gab da bugawa lauyan Maigirma ya zo ya karanta, gumi ya keto masa, ya ninke babin ya sa a aljihu ya tafi. Lauya ta ce lallai aikin lauya na da faɗi. Malam ya soka littafin a hammata ya kama hanya, kyanwa na biye da shi. Ni kuma na aika a ba mai kifi haƙuri, mun zalunci baiwar Allah.

Yanzu da nake jiƙa ƙafa na ji a rediyo an karrama Maigirma da lambar Gwarzon Karatu. Wai a wajen bikin an roƙe shi ya karanta wa jama'a sakin layi ɗaya daga littafinsa, sai ya shafa aljihu ya ce ya manto tabarau a mota. Na ji wasu na ƙananan maganganu, ni dai ba na cikinsu. Mutum ya sha wahala ya rubuta littafi, sannan a ce kuma shi zai karanta? A riƙa tausayi, aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa.