Guɗar da na yi a Gagarawa

Ba zan taɓa mantawa da bikin jikar ƙanwata a Gagarawa ba, ko da na so.

Autana Ɗanjuma gola ne, mai tsaron raga, can ƙasar Turawa. Ban taɓa sa wa sana'ar nan albarka ba. Ranar da zai bar Gumel cewa na yi, "Ƙato da kai, ga gonar ubanka, ka zaɓi tsalle-tsalle." Shekara huɗu ban kalli wasansa ba (ban ma san yadda ake cin wasan ba, girman kai ya hana ni tambaya).

Ranar yinin biki, bayan la'asar, 'yan mata suka taru a kan waya ɗaya. Wata ta ce, "Inna, zo ki ga Yaya Ɗanjuma, yanzu haka ake bugawa."

Na zo ina yatsina. Ga shi nan tsaye shi kaɗai, rigarsa daban da ta kowa, sauran na ta gudu suna kawo masa ƙwallo. Na ce a raina ashe shi ne babbansu. Sai ƙwallo ta wuce shi ta faɗa raga, mutanen cikin wayar suka ɗau ihu. Ni da ko auren 'ya'yana ban yi wa guɗa ba, na kama hanci na rangaɗa ta har masu kiɗan ƙwarya suka tsaya.

Ƙanwata ta ja mayafina. "Yaya, shi aka ci."

Ashe mai ɗaukar bidiyon amarya a waya ta haɗa da ni. Kafin sati har kasuwar Maigatari an gani.

Da Ɗanjuma ya kira, faɗa na shirya, don ban iya ba da haƙuri ba. Ya riga ni.

"Inna, kar ki damu. Nan kullum zagina ake, da yaren da ban gama ji ba. In na tare goma ba mai tunawa, ɗayar da ta wuce ita ce labari. Na koyi tashi in kakkaɓe rigata." Ya ƙara da cewa, "Amma na ajiye bidiyon. In zan shiga fili nakan kunna. Ban taɓa jin kin yi min guɗa ba sai a nan."

Na ce masa ya riƙa sallah a kan lokaci, na kashe wayar (halin dai bai sake ni ba).

Yanzu na san ƙwallo a ragarsa asara ce. Na kuma san uwar da ta shekara talatin tana rowar yabo, ranar da ta buɗe baki, a kan faɗuwar ɗanta zai sauka.