Cindo Mai Raba Faɗa

A Kukar Tsakiya an yi wani yaro Cindo, ɗan Nomau manomi da Kande mai ƙosai. Su bakwai ne a gidan, amma shi kaɗai ne in aka ce ya sa ido a kan tukunya sai ya kifa fuska cikin miya.

A firamaren garin kuwa, kullum aka fita tara sai an fasa wa wani baki. Malama Saude ta gaji, ta ce za ta naɗa mai sulhu a cikin yaran. Kowa ya noƙe. Cindo ya ɗaga hannu, ta naɗa shi.

Wata rana ta ce masa, "In ka ga ana faɗa, ka shiga tsakani." Da aka fita, Barau da Gambo, zakarun aji uku, suka kaure a kan ƙwallo. Cindo ya shiga tsakiyarsu ya tsaya ƙiƙam, bai ce uffan ba. Naushin Barau a kunnen dama, na Gambo a hagu.

"Me ya hana ka magana?" in ji Malama.

"Shiga kika ce, Malama, kuma na shiga."

Wata rana ta ce ya riƙa sanyaya musu zuciya. Suna fara cacar baki, ya kamfato ruwan randa ya sheƙa wa kowa a ƙirji, har da littattafai. Hedimasta ya fito a fusace. "A sauke yaron nan!"

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasa nake tsaye. Kuma ba inda za ni."

Wata rana Malama ta ja shi gefe. "Saura dama ɗaya. Haɗa kansu kawai nake so ka yi." Faɗa na tashi, Cindo ya cafki ƙeyar Barau da ta Gambo ya gwara su, ƙum! Kowa ya samu ƙulu a goshi. Suka manta da juna suka bi shi a guje.

"Gambo, tare ta can!"

"To, kai bi ta nan!"

Cindo ya ɗare bishiyar darbejiya. Suka zauna a gindinta suna jiransa. Jira ya yi tsawo, Barau ya ciro gyaɗa ya ɗiba wa Gambo, Gambo ya taɓa ƙulun Barau ya fashe da dariya.

A haka Malama ta same su, kafaɗa da kafaɗa. Cindo ya leƙo daga cikin ganye.

"Malama, ya haɗu ko in ƙara?"