Ranar da na gyara rubutun Ceta

Har gobe ba zan taɓa mantawa da wani cin abincin rana a kantin ma'aikata na otal ɗinmu da ke Lusail, can ƙasar Larabawa, ba. Aikin gadi nake yi a can, amma a raina ni injiniya ne da ba a gano ba tukuna. Duk abin da na sani na kwamfuta a waya na koya, a cikin bas, tsakanin masaukinmu na Al Wukair da wurin aiki. Abin da na fi alfahari da shi kuwa shi ne maganin akwatunan nan da burauza, wato manhajar shiga intanet, ke nunawa a maimakon haruffa. Sirrin ba wuya: kwamfutar ce ba ta da font, wato zanen haruffan yaren. Ka sa mata, ka rufe burauza ka buɗe, shi ke nan. (Da ƙ da ɗ ɗinmu na fara koyo, har na tara font na yaruka a filas, ɗan abin nan na ajiyar fayil, ina yawo da shi a aljihu kamar mai maganin gargajiya.)

Ranar sai ga mai kula da sito, wani dattijo ɗan Indiya da kowa ke ce wa Ceta, wato yaya a yarensu. Ya ajiye tsohuwar laftof ɗinsa kusa da farantina. Da ɗan Turancin da muke haɗawa ya gaya mini 'yarsa ta rubuta labari an sa a shafin makarantarsu, karo na farko, kuma za ta kira shi kafin hutun cin abinci ya ƙare ta ji ko ya karanta.

"Habibi, ba ya karantuwa," ya ce.

Na leƙa. To ni na tashi da kallon finafinan Indiya, na san rubutunsu sarai: haruffa ne rataye a jikin layi kamar shanya a igiya. Wannan kuwa ba layi, sai wasu abubuwa zagaye-zagaye kamar an zubar da taliya. Nan take na gane cutar. (Ka lura, ban tambaye shi komai ba.)

"Ceta, rubutunka ya narke. Font ɗinka ne ya lalace."

Malam Iliya direba, mutumin Zariya da ya girme ni nesa, yana gefe yana cin shinkafa. Ya ce, "Injiniya, ka dai bi a hankali, kayan mutane ne."

"Malam, wannan ai a barci ma ina yi."

Na shiga ma'ajiyar font, na ga wani mai baƙon suna, na goge shi. Na zuba na Hindi daga filas. Ina yi ina bayani da ƙarfi, don mutane sun fara taruwa, ni kuma ina son taro. Na rufe burauza na buɗe.

Akwatuna. Daga sama har ƙasa, layi-layi, tsaf da su.

Ceta ya matso da fuskarsa. "Ina rubutun?"

"Wancan ai kuskure ne. Na gaskiyan yana zuwa."

Wani mai dafa abinci ɗan Nepal ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Oga, mai layin nan namu ne da 'yan Hindi. Shi mutumin Kerala ne, Malayalam suke rubutawa. Haka nasu yake, a zagaye."

Ceta ya dube ni ba fushi, abin da ya fi komai ciwo ke nan. Ya haɗa yatsu biyu ya ce, "Rubutun lafiya lau yake. Ƙanana ne. Idona."

Ashe so yake a ƙara musu girma. Maɓalli biyu ne, yaron firamare ya sani. Saboda haka ma ya ɗauko laftof ɗin, don a waya ba ya ganin komai. Na duba kwandon shara na kwamfutar, wayam. Na duba filas, ba Malayalam, don ban san akwai shi a duniya ba. Intanet ɗin kantin kuma sai juyawa take.

Sai wayarsa ta yi ƙara.

Ya ɗaga, muryar yarinya ta fito cike da ɗoki. Ko ba ka jin yaren ka san me take tambaya. Ya dube ni, ya dubi akwatunan, ya yi mata wata 'yar magana. Ta yi dariya, sai ta fara karantawa. Ya manna wayar a kunne ya rufe ido, yana gyaɗa kai. Taron ya watse a hankali. Ni na zauna da shinkafata da ta huce, ina jin labarin da ban fahimci ko kalma ɗaya a ciki ba.

Da ya gama na ce, "Ceta, me ka ce mata?"

"Na ce idon babanta ya gaji, ta karanta mini da bakinta." Ya rufe laftof ɗin ya tura mini. "Khalas, shi ke nan. Ka maido mini gobe, ina so in gani da kaina."

A bas Malam Iliya bai bar ni ba. "Kai ne fa ranar nan ka kusa faɗa da wani don ya tambaye ka ko kana jin Afirkanci. Yau ga shi kai ma ka mayar da Indiya duk yare ɗaya."

Na rungume laftof ɗin har muka isa. Na sauke font ɗin a masauki, na mayar, na ƙara girman haruffan har sai da kowanne ya kai ƙwayar gyaɗa. Na daɗe ina kallonsu. Wallahi suna da kyau.

Har yanzu ina gyara wa mutane burauza, kuma in ka ba ni dama zan cika ka da bayani. Sai dai kafin in taɓa komai nakan ce mai abu ya nuna mini inda ke masa ciwo. Don na gano cewa in na kalli rubutu na kasa karantawa, sau da yawa ba rubutun ne ke bukatar gyara ba.